Da Manhajar Ta Farka

Batirin waya ne ya kai Auta rumfar mai gyara, ba wani abu ba. Ranar an sallame su da wuri a ɗakin awon jini na asibitin da take aiki, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, sai ta ce bari ta biya kafin ta nemi abin hawa. Wayar ta tsufa. A cika ta da asuba, kafin la'asar ta fara haki kamar wadda ta sha gudu.

Sauri take, don akwai mai jiranta. Inna, mahaifiyarta, shekara biyu ke nan tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ga ido ya dushe, sai dai ta gane mutum da murya. Mai jinya tana zuwa da safe, ta tafi ƙarfe huɗu. Auta kuwa sai bakwai take tashi aiki. Awa ukun nan da ke tsakani su suka hana ta sukuni, don a cikinsu Inna ita kaɗai ce a gidan, ko juyawa ba ta iyawa.

Da ta kai kukanta wurin Yaya, babban wanta da ke aiki can nesa, ta ɗauka zai ce zai zo ya kama mata ko na wata guda ne. Ina! Sai ga shi da kwali. Kwana uku ya yi yana hawa kujera yana sauka. Ya sa wa ƙofa makulli mai jin umarnin waya, ya maƙala kyamara a kusurwar ɗakin Inna, ya canza ƙwayayen fitila, ya liƙe makunnan bango da salatif don kada wani ya taɓa. Ya ajiye wata 'yar lasifika a gefen gado, wadda in Inna ta tambaya ina Auta, za ta ba ta amsa. Duk ya ɗaure su da wata manhaja a wayar ƙanwarsa.

"Ba abin da za ki yi," in ji shi. "Da kin fita da wayar nan, gidan zai sani. Mai jinya na tafiya ƙofa ta kulle kanta, kyamara ta buɗe ido, magariba na yi fitilu su kama. In kina gida kuwa, duk su huta. Duniya fa ta ci gaba, Auta."

Ya karkaɗe hannu ya koma inda ya fito. Tun daga ranar Inna ba ta da zance sai Yayanku ya yi min gata. Auta mai wanke zannuwan fitsari kafin ta fita aiki, ladanta shi ne "hannunki ya cika nauyi" da "ke dai kullum fuska a ɗaure." Abin yana ci mata rai ƙwarai, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa. Kwanakin baya da ta riƙa tarar da gidan a duhu, sai ta shigo ta ce wa lasifikar ta kunna fitila, ta kira Yaya ta shaida masa. Ya ce ita ce ba ta iya ba, ta kashe wayar ta kunna. Ba ta sake tayar da zancen ba. Ƙofa dai tana buɗe mata in ta tura, sai ta ɗauka sauran komai lafiya.

Rumfar mai gyara tana warin narkakkiyar dalma da ƙurar tsofaffin wayoyi. Wata fanka mai karyayyen wuya tana ta ƙara a saman kanta. Mai gyaran dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido, ɗaya a goshi. Ya karɓi wayar ya jujjuya, ya shiga cikinta da babban yatsa.

"Malama, batirin nan ya gama aikinsa, amma irinsa sai gobe. Ita ma wayar ƙoƙari take, baiwar Allah. Kin ga ta kwantar da manhajoji da yawa don ta yi miki tattalin caji." Ya tsaya. "Wannan mai hoton gida, da ita kike kulle ƙofa?"

"Da ita."

"To, kwananta goma sha tara tana barci."

Auta ta matso. "Barci kamar yaya, Baba?"

"Haka wayoyin yanzu suke. In waya ta ga manhaja tana cin batir a ɓoye, ke kuma ba ki buɗe ta ba, sai ta ɗaure ta ba tare da ta yi shawara da ke ba. Daga nan ba ta sanin inda kike, ba ta aika saƙo ko'ina. Inda ta gan ki na ƙarshe, nan take zaton kike har yanzu." Ya juyo mata da fuskar wayar. "Karanta."

Rubutun ɗan ƙarami ne. Kina gida. Kwana goma sha tara.

Ta karanta sau biyu kafin lissafin ya zauna mata. Kwana goma sha tara gidan bai ji fitarta ba. Ke nan ƙofa ba ta taɓa kulle kanta ba bayan tafiyar mai jinya. Kyamara ba ta buɗe ido ba. Kuma duk yammacin da Inna ta juya kai ta tambayi lasifika ina Auta, amsa ɗaya take samu, cewa tana gida. Auta ta san halin mahaifiyarta. In an ce mata mutum yana gida, ba ta fasa kira sai ya amsa. Tsohuwa ita kaɗai a duhu, ƙofa a sake, magariba ta kawo jiki, tana ta kiran suna ɗaya a gidan da ba kowa.

Sai wasu maganganu suka fara dawo mata, waɗanda ta ɗauka ruɗewar tsufa ce.

Makon jiya Inna ta ce, "Tausar da kika yi min da magariba ta yi daɗi, Allah ya yi miki albarka." Auta ba ta yi tausa ba, lokacin tana wurin aiki. Amma shekara biyu rabon da ta ji albarka daga bakin nan, sai kawai ta amsa da amin. Kunya ce yanzu ta kama ta, don ta san ta karɓi yabon da ba nata ba. Shekaranjiya kuma ta tarar an yi wa Inna kitso ƙanana, shar da shi. Ta gode wa mai jinya. Mai jinya ta ce ai ita ta ɗauka Auta ce ta yi.

Ga kuma sanyin da ƙafafun Inna suka fara yi, da ramar da ta shige ta cikin mako biyu.

"In sake ta?" in ji mai gyara.

"Sake ta, Baba."

Ya danna wuri biyu. Wayar ta yi rawa a hannunsa, ta sake yi, ta sake. Saƙonni suka jero. Kin fita. An kulle ƙofa. An kunna fitila. An kunna kyamara.

Hoton ya zo a hankali. Ɗakin Inna ne, fitila ta kama yanzu-yanzu. Ga gado, ga kwalaben magani a kan tebur, ga keken guragu a jingine. Ga Inna kwance.

Ga wata mace zaune a bakin gadon, ta ba kyamara baya.

Rigar shan iska ce a jikinta, shuɗiya mai yagaggen aljihu. Auta ta rataye ta a ƙusa da safe da hannunta. Matar ta ɗaga kai tana kallon fitilar da ta kama, ta daɗe a haka, kamar wadda aka katse wa hira.

"Ƙanwarki ce?" in ji mai gyara.

"Ni ce auta," ta ce. 

Matar ta juyo.

Mai gyara ya kalli wayar, ya kalli Auta, ya sake kallon wayar. Ya sauko da tabarau na biyu ya ɗora a kan na farko. Sannan ya miƙa mata wayar da yatsu biyu, ya ja kujerarsa baya.

"A'uzu billahi," ya ce a hankali. "Malama, je ki gida. Cajinki saura tara. In ya kai biyar wayar za ta sake ɗaure komai. Kada ki bari fuskarta ta mutu."

Sai da ta hau bayan mai babur sannan ta gane abin da suka yi. Sun kulle ƙofa. Sun rufe Inna da abin a ciki. Mabuɗin ƙarfe kuwa yana can a aljihun tebur, ta daina yawo da shi tun zuwan kwalin Yaya.

Ta kira Yaya. Ya ɗauka ya ce yana taro, zai kira ta. Kiran ya cinye kashi ɗaya.

Iska tana dukan fuskarta. Aka fara kiran sallah a wani wuri, wani ya amsa daga can. Shaguna suna ja da ƙofofinsu. Ta koma kan kyamara da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙarfen babur. Matar ta koma tausa. Auta ta danna wurin magana ta kai wayar baki.

"Inna! Inna, ni ce! Wannan ba ni ba ce!"

A hoton, Inna ta juya kai tana neman inda muryar ta fito. Matar ta shafa mata goshi. Auta ta ji muryarta, tata ta kanta, sai dai ba gajiya a cikinta.

"Ba komai, Inna. Na'urar Yaya ce take surutu."

"Kashe ta, Auta," in ji Inna. "Ta dame mu."

Hoton ya ɗauke.

Saura shida.

Layinsu shiru lokacin da ta sauka. Maza sun tafi masallaci, mata sun shigar da yara. Sama ta yi launin toka, jemagu suna fitowa daga bishiyar maƙwabta. Ba haske ko ɗaya a tagogin gidansu.

Ta tsaya a bakin ƙofa, inda makullin ya kamata ya gane ta ya buɗe. Bai motsa ba. Ta duba wayar. Fuskarta ta dushe, ga wani rubutu a sama, an kunna tattalin batir.

Biyar.

Ta buga ƙofar da tafin hannu.

Shiru. Sai ƙarar silifas a kan siminti, taku ɗaya-ɗaya, irin yadda take jan ƙafar hagu in ta gaji. Takun ya zo har bayan ƙofar ya tsaya.

"Waye?" in ji muryarta daga ciki.

Daga can nesa Inna ta ce, "Kada ki buɗe wa kowa, magariba ce."

Auta ta koma kan wayar. Ta nemo manhajar, ta kuskure, ta sake nemowa. Ta buɗe. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar fuskar wayar. Yana juyawa. Tana jin numfashi ta ramin da ke tsakanin ƙofa da bango, mai sanyi, yana taɓa mata wuya.

Uku.

Biyu.

Makullin ya yi ƙas. Wayar ta mutu a hannunta.

Ta tura. Ba kowa a bayan ƙofar.

Warin man zafi ne ya fara tarbarta. A ƙarƙashinsa akwai wani wari, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba. Gidan ya yi sanyi. Ta ce wa lasifika ta kunna fitila, ba amsa. Ta laluba bango har ɗakin Inna, ta sa farce ta ɓamɓare salatif ɗin Yaya, ta danna makunnin ƙasa da sama.

Fitilar ta kama, ta mutu, ta kama. Haka irinsu suke yi in suna neman na'urar da za ta ba su umarni.

Haske.

Matar tana zaune a bakin gadon, kamar ba ta taɓa tashi ba. Fuskar Auta ce sak, har ɗan tabon haɓa. Sai dai wannan ta yi barci ta ƙoshi. Ba baƙi a ƙarƙashin idonta, kuma murmushi take.

Duhu.

Haske.

Hannunta ɗaya yana tausa tafin ƙafar Inna a ƙarshen gado. Ɗayan yana can wajen kai, Inna ta riƙe shi da hannunta mai lafiya. Matar ba ta sunkuya ba, ba ta karkata ba. Tsawon gadon duka, hannayen sun kai.

Duhu.

Auta ta buɗe baki za ta yi addu'a. Bismillah kawai ta iya fitarwa.

"Ita ta kira," in ji muryar, da raɗa, kusa da kunnenta. "Kullum ana ce mata kina gida. Ta yi ta kira. Ba ki amsa ba."

Haske.

Tana nan a bakin gado, ba ta motsa ba.

"Ni na amsa."

Da a ce Auta ta tsaya tunani, da ba ta iya ba. Jikinta ne ya yi aikin, jikin da ya shekara biyu yana ɗaga tsohuwar nan safe da yamma. Gwiwa ɗaya a kan katifa, hannu ƙarƙashin kafaɗa, hannu ƙarƙashin cinya. Ta ɗaga. Inna ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma jikinta kamar an ciro ta daga ruwa.

Wani abu ya riƙe su.

Ba matar ce ta riƙe Inna ba. Inna ce ta riƙe ta.

"Auta!" Inna ta yi ƙara. "Auta, wata tana ja na! Kada ki bar ta!"

"Ni ce, Inna. Ni ce Auta."

"Ƙarya kike! Sake ni!"

Duhu.

A cikin duhun Auta ta lalubo hannun mahaifiyarta. Ta ji abin da ke cikinsa, mai santsi, mai sanyi, ba ƙashi a ciki. Ta fara ɓamɓare yatsun Inna ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa tana kuka, tana zaginta, tana kiran sunanta tana neman a cece ta daga gare ta.

Yatsa na ƙarshe ya saki.

Can bakin ƙofar gida makullin ya fara ƙara, ɗit, ɗit, ɗit. Yaya ya saita shi ya rufe kansa jim kaɗan bayan waya ta buɗe shi. Waya ta mutu, mabuɗi yana aljihun tebur a bayan matar.

Ta yi waje da gudu, Inna a ƙirjinta. Kafaɗarta ta daki bango. A bayanta silifas yana tafe, ba sauri, taku ɗaya-ɗaya. Ƙofar tana dawowa a hankali. Ta sa ƙafa ta tokare ta, ta kutsa, gefen mayafinta ya maƙale, ta bar shi.

Ƙas.

Masu dawowa daga masallaci ne suka same su a tsakiyar layi, Auta a durƙushe ba takalmi, tsohuwa a cinyarta tana dukanta da hannu ɗaya. Da gari ya waye aka kira mai walda ya ɓalle ƙofar. Ba kowa a ciki. Shuɗiyar rigar tana rataye a ƙusarta, a jiƙe sharkaf.

Yaya ya kira bayan kwana biyu. Ya ce wata maƙwabciya ce mai tausayi take shigowa, gajiya ce ta sa Auta ganin abin da ba shi ba. Ya ƙara da cewa da ta cire wa manhajar takunkumin batir tun farko, da duk haka ba ta faru ba, abu ne na danna wuri biyu. Bai taɓa gaya mata akwai wurin da ake dannawa ba. Ta bar shi ya gama, ta kashe wayar, kuma har yau ba ta yafe masa ba.

Sun koma gidan Gwaggo, ƙanwar Inna, inda akwai mutane da hayaniyar yara. Auta ta roƙi a mayar da ita aikin safe, ƙarfe uku tana gida. Inna ta rayu. Ƙafafunta sun yi ɗumi, ta fara cin abinci, likita ya ce bai ga wani sabon ciwo ba.

Sai dai tun daga ranar ba ta sake kiran Auta da sunanta ba. Ba ta zaginta, ba ta ce hannunta ya yi nauyi. Ladabi take mata, irin wanda ake yi wa baƙo. Kullum rana ta yi ja, Auta takan zauna a bakin gado ta ɗora ƙafar tsohuwar a cinya tana tausa a hankali, iya taushin da hannunta zai iya. Inna takan juya fuska wajen ƙofa ta kasa kunne.

"Sannu da ƙoƙari, baiwar Allah," takan ce. "Ki ɗan leƙa min waje. 'Yata ba ta san mun tashi ba, kada ta je can ta tarar ba kowa."